Koyar da sanin makamar AI da nazarin ƙagaggun labaran kimiyya: za a iya haɗa su a sana'a ɗaya?

Tambaya: Wata malama mai koyar da Turanci da adabi a makarantar sakandare ta rubuto cewa tun tana yarinya take son ƙagaggun labaran kimiyya, irin na mutum-mutumi da tafiya sararin samaniya. Yanzu ɗalibanta sun koma yin aikin gida da ChatGPT, kuma duk lokacin da maganar kwamfuta ta taso a makarantar ita ake nema. Tana son ta ƙaro karatu ta zama mai koyar da ilimin dijital da sanin makamar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, amma ba ta son ta saki nazarin labaran. Abokan aikinta sun ce ta zaɓi ɗaya, wai taura biyu ba ta taunuwa. Shin akwai wanda ya taɓa haɗa biyun ya ci abinci da su?

Amsa: Malama, abokan aikinki da zuciya ɗaya suka ba ki shawara, amma akwai waɗanda suka haɗa, har ma haɗin ne ya fito da sunansu. Sai dai da wuya ki ga jami'a ta yi tallar neman malamin AI da labaran kimiyya. Duk wanda ya bi wannan hanya sai da ya kafu a wani sashe da kowa ya sani, ko adabi, ko kimiyyar laburare, ko tsangayar ilimi, ko kimiyyar kwamfuta, sannan ya jawo ɗaya fannin ya shigo da shi.

Misalin da na fi son in ba ki shi ne na Katherine Hayles, Ba'amurkiya da aka haifa a 1943. Da kimiyyar sinadarai ta fara. Ta yi digiri na farko a 1966, na biyu a jami'ar kimiyya ta Caltech a 1969, ta kuma taɓa aikin bincike a kamfanin Xerox. Daga nan ta juya akalarta zuwa adabin Turanci, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Rochester a 1977, ta koyar a Iowa da UCLA da Duke. A 1999 ta fitar da littafinta How We Became Posthuman. Abin da ya tunzura ta shi ne wani masanin mutum-mutumi, Hans Moravec, da ya rubuta cewa wata rana za a kwashe hankalin mutum kaf a zuba cikin kwamfuta, ya ci gaba da rayuwa a can ba abin da ya ragu. Ita kuma ta ce, ta yaya mai ilimi irin wannan ya kai ga yarda cewa hankali abu ne da ake cire shi daga jiki? Don ta samo amsa sai ta koma ga tarukan da gidauniyar Macy ta shirya tsakanin 1946 da 1953, inda masana lissafi da likitocin ƙwaƙwalwa da injiniyoyi, ciki har da Norbert Wiener, suka yi ta muhawara kan inda inji ya yi kama da ɗan Adam. Ta ajiye bayanan tarukan a hannun dama, ta ajiye ƙagaggun labaran kimiyya na Philip K. Dick da na William Gibson a hagu, ta karanta su da natsuwa iri ɗaya. Ta nuna cewa injiniya da marubucin labari sun daɗe suna aron tunani daga juna, sau da yawa ma ba tare da sun sani ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi shafar aikinki. A 2007 ta rubuta maƙala kan yadda hankalin ɗalibai ya sauya: da yawansu ba sa iya zama da littafi guda na tsawon lokaci, amma sun ƙware wajen bin abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Ba ta tsaya kukan lalacewar yaran zamani ba. A 2010 ta kasa karatu gida uku: karatun natsuwa da malaman adabi suka gada, karatun tsallake-tsallake da ake yi a allon waya da kwamfuta, da karatun da na'ura ke yi wa dubban rubuce-rubuce a lokaci guda. Ta ce malamin adabi ya koyar da ukun, ya nuna wa ɗalibi lokacin da kowanne ke da amfani. Wannan kuwa shi ne ilimin dijital, daga bakin malamar adabi. Ƙungiyar masu nazarin labaran kimiyya kuma ta ba ta lambarta ta Pilgrim, wadda ake ba wanda ya ƙarar da rayuwarsa a fannin. Mace ɗaya ce, aikin kuma ɗaya ne.

Mutane da yawa suna ɗauka ilimin dijital shi ne koyar da buɗe imel da buga wasiƙa a kwamfuta. Wannan ƙofar shiga ce kawai. Tun 1974 Paul Zurkowski ya fara maganar cewa akwai wani ilimi na daban na neman bayani da auna shi. A 1997 Paul Gilster ya rubuta littafin da ya yaɗa batun ilimin dijital, kuma hujjarsa ita ce abin da ake buƙata shi ne iya sarrafa tunani, ba iya danna maɓalli ba. UNESCO ta fitar da manhajar horar da malamai a wannan fanni a 2011. Amma binciken da ya sauya yadda nake koyarwa shi ne na Sam Wineburg da Sarah McGrew a Jami'ar Stanford a 2017. Sun tara malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da ƙwararrun masu bin diddigin labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25. Suka ba su shafukan intanet na ƙungiyoyin likitocin yara guda biyu masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya tsohuwar ƙungiya ce mai dubun-dubatar mambobi, ɗayar ƙaramar ƙungiya ce da ta ɓalle saboda wata manufa tata. Aka ce su faɗi wadda ta fi cancantar a amince da ita. Ɗaliban da wasu malaman tarihin suka zauna a kan shafin suna duba tambari, da kyan tsari, da jerin manazarta a ƙasa, kuma mafi yawan ɗaliban suka zaɓi ƙaramar. Masu bin diddigin kuwa ba su daɗe a shafin ba. Suka fita, suka buɗe wasu shafukan, suka nemi abin da wasu ke faɗa game da ƙungiyar, kuma dukkansu suka gano gaskiya cikin ɗan lokaci.

Idan ina bayanin wannan ga ɗalibanmu, ba na shan wahala, saboda waɗanda suka zauna a Islamiyya sun san tsarin. Malaman hadisi ba su taɓa karɓar magana don daɗin lafazinta ba, sai sun bi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, me masana suka ce game da amanarsa da haddarsa. Ɗalibin da ya san wannan a darasin hadisi, amma yana tura duk abin da ya shigo WhatsApp, bai rasa ilimin ba, ba a nuna masa ne cewa a nan ma ana aiki da shi ba.

Sanin makamar AI reshe ne da ya tsiro daga nan. A 2020 Duri Long da Brian Magerko na jami'ar Georgia Tech suka tsara jerin abubuwan da ya kamata mutumin da ba injiniya ba ya sani game da AI. Bayan fitowar ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022 sai buƙatar ta taso gadan-gadan. UNESCO ta fitar da jagora a Satumbar 2023, inda ta ba da shawarar kada yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji shi kaɗai a aji, sannan a 2024 ta fitar da tsarin ƙwarewa guda biyu, na malamai da na ɗalibai. Dokar AI ta Tarayyar Turai kuma, daga 2 ga Fabrairun 2025, ta ɗora wa masu ƙera AI da masu aiki da shi nauyin ilimantar da ma'aikatansu a kai. Don haka masu neman mai koyarwa suna nan, kuma ƙaruwa suke yi.

To ina labaran suka shigo? Ɗalibi ba ya zuwa ajin AI da kai wayam. Kafin ki buɗe baki yana da hoto a ransa, kuma daga fim ya samo shi: ƙarfe mai jan ido da ke farautar mutane, ko kwamfuta mai murya mai sanyi da ta san komai. A 2018 Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, tare da wata cibiyar nazarin makomar basira da ke Jami'ar Cambridge, suka fitar da rahoto kan yadda labarai ke siffanta AI da yadda hakan ke juya tunanin jama'a da na masu tsara doka. Abin da suka lura da shi shi ne labaran sun fi karkata ga inji mai siffar mutum, da tsoro mai tsanani ko buri mai tsanani, alhali AI ɗin da ke taɓa rayuwar mutane ba shi da fuska. Yana cikin manhajar da ke zaɓar wanda za a ba bashi, da wadda ke zaɓar bidiyon da za ki gani na gaba. Malamin da bai san inda ɗalibi ya samo hotonsa ba, zai yi ta zuba bayani a kan hoton, ɗalibin ya ci jarrabawa, ya fita da hotonsa yadda ya shigo da shi. Ke da kika san labaran kina iya kama hoton ki warware shi a gabansa.

Nazarin waɗannan labarai shi ma sai da ya sha raini kafin ya samu gurbi. Mujallar farko da ta keɓe kanta gare su, ta Hugo Gernsback, ta fito a 1926 a takarda mai arha, kuma malaman jami'a sun daɗe suna kallon abin a matsayin karatun yara. Mujallar nazari ta farko, Extrapolation, sai a 1959 ta fito. Aka kafa ƙungiyar masu binciken fannin a 1970, mujallar Foundation ta fito a Ingila a 1972, Science Fiction Studies a 1973. A 1979 Darko Suvin, haifaffen Zagreb da ke koyarwa a Jami'ar McGill ta Kanada, ya ba fannin ma'aunin da har yau ake gardama a kai. A ganinsa, labarin kimiyya yana ɗaukar duniyar da ka saba, ya sauya wani abu a cikinta ta hanyar da hankali zai iya bi, ya miƙo maka ita ta zama baƙuwa, don ka ga abin da sabo ya rufe maka. Nan ya sha bamban da labarin aljanu da tsafi, inda abu ke faruwa ba tare da an bi ka bashin dalili ba. Ni ina ganin wanda ke karanta waɗannan labarai don ya ƙirga hasashen da ya tabbata yana asarar mafi kyawun abin da ke cikinsu. Marubutan ba hasashen gaibu suke yi ba, zamaninsu suke tuhuma.

Ga wanda nake yawan ba ɗalibai, gajeren labari ne na E. M. Forster mai suna The Machine Stops, na 1909. Mutane suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, kowa a ɗakinsa shi kaɗai, Inji na kawo abinci da iska da kiɗa da magani. Ana ganin juna ta wani faifai mai haske, ana gabatar da lacca daga kan kujera ga masu sauraro a ko'ina a duniya. Wata uwa tana gefen duniya, ɗanta yana ɗaya gefen, yana roƙonta ta zo ya gan ta ido da ido, ita kuma tana ganin ɓata lokaci ne tunda ga shi tana ganinsa a faifan. Ɗalibai sukan yi ta mamaki wai ya hango kiran bidiyo, ni kuma sai in ja su zuwa wurare biyu da suka fi wannan nauyi. Na farko, akwai wani mashahurin mai lacca a labarin da ke gargaɗin mutane su guji ilimin da mutum ya gani da idonsa, wai ilimin da ya bi ta hannu goma ya fi tsabta saboda an tace shi. Sai in tambaye su: taƙaitawar da na'ura ta yi muku ta wata maƙala, wadda ita ma taƙaita wani littafi ta yi, hannu na nawa ke nan? Na biyu, lokacin da Injin ya fara lalacewa ba a dare ɗaya ya tsaya ba. Kiɗa ya fara sarƙewa, ruwan wanka ya fara wari, mutane suka kai ƙara, aka ce za a duba, daga baya suka saba, har suka daina jin cewa akwai matsala. Kuma ba sauran wanda ya san Injin gaba ɗayansa, kowa ɗan ɓangarensa ya sani. Muhawarar da wannan shafi guda ke tayarwa a aji ta fi wadda nake samu daga babi guda na littafin koyarwa.

Haka wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920, wanda ya shigo da kalmar “robot”, wato mutum-mutumi, cikin adabin zamani. Ma'aikata ne aka ƙera a masana'anta don a karya farashin ƙwadago, kuma tambayar wasan ita ce wa ke aiki, wa ke cin riba. Ki haɗa shi da rahoton mujallar Time na Janairun 2023, wanda ya nuna cewa ma'aikata a Kenya, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa, su suka yi ta karanta rubuce-rubucen ƙazanta da ta'addanci suna yi musu alama don a tsabtace ChatGPT. Ɗalibin da ya karanta biyun tare ba zai ƙara cewa na'urar ita ta koyar da kanta ba.

Amma akwai gargaɗi, kuma da gaske nake. Son labaran na iya zama tarko ga mai koyar da AI. Labari yana buƙatar jarumi mai niyya da zuciya, shi ya sa injin cikin labari kullum yana so, yana ƙi, yana ƙulla makirci. Mutum kuma a shirye yake ya ga zuciya inda babu ita. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ta Amurka ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna ELIZA, wadda ba abin da take yi sai juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa ta, ta fara hira da ita, ba a jima ba ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don maganar ta sirri ce. Abin ya girgiza shi har ya ƙarasa rayuwarsa yana jan kunnen mutane. Haka dokoki uku na mutum-mutumi da marubucin labaran kimiyya Isaac Asimov ya tsara a 1942: har yau za ki ji mai jawabi ya kawo su a matsayin mafita, alhali labaran nasa da kansu kan yadda dokokin ke cin karo da juna aka gina su. Su ma masu kamfanonin suna aro. Duniyar bogi ta cikin kwamfuta, wato “metaverse”, da Facebook ya sauya suna zuwa Meta dominta a 2021, daga wani labari na 1992 aka ɗauko sunanta, labarin da ya siffanta ta a matsayin mafakar mutanen da duniyarsu ta ainihi ta rushe. Mai nazari na gaske shi ne zai iya cewa: tsaya, ba haka labarin ya ce ba.

Saboda haka dole ki san injin kansa, ba labarinsa kaɗai ba. Ba sai kin zama injiniya ba, amma ki iya bayyana wa ɗan aji huɗu na sakandare cewa ChatGPT da ire-irensa an horar da su ne da tarin rubutu mai yawan gaske don su hasaso guntun kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, sannan aka sa mutane suka yi ta auna amsoshinsu don a gyara musu hali. Daga wannan bayani kaɗai ɗalibi zai gane dalilin da ya sa rubutun ke fita sumul ko da ƙarya ne, da dalilin da ya sa ya fi ƙarfi a Turanci fiye da Hausa, tunda rubutun Hausa a intanet kaɗan ne. Ki san binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018, wanda ya gano cewa manhajojin tantance jinsi daga fuska suna kuskure har kusan kashi 35 cikin 100 a kan mata baƙaƙe, alhali a kan maza farare kuskuren bai kai kashi 1 ba. Kwas ɗin Elements of AI na Jami'ar Helsinki, wanda aka buɗe a 2018, kyauta ne kuma ba ya buƙatar iya rubuta manhaja. Ki fara da shi, ki ƙara da ɗan lissafin ƙididdiga, in kin samu hali ki taɓa Python, wani harshen rubuta manhaja.

Akwai darasin da nake yi a farkon zango, kina iya gwada shi ko gobe. Ina sa kowane ɗalibi ya tambayi na'urar abin da ya fi kowa sani a ajin: tarihin unguwarsu, jerin sarakunan garinsu, yadda ake rini a karofi, ko asalin wani karin magana. Sannan ya ce ta ba shi littattafan da ta dogara da su. Sai mu ɗauki takardun mu nufi laburare. Abin da ke faruwa kusan kullum iri ɗaya ne. Amsar tana da tsari da ladabi, rabinta daidai, sauran an cakuɗa garin da wani gari, ko an ƙirƙiro sarkin da ba a taɓa yi ba. Can sai ka ji wani ya ɗago kai daga kundin littattafai ya ce, “Malam, ai farfesan nan akwai shi, littafin ne babu.” Daga ranar ba sai na ƙara yi masa wa'azi ba. Manhajojin da ke bincike a intanet yanzu sukan ba da adireshin shafi na gaske, don haka sai in ƙara mataki: a buɗe shafin, a nemo layin da ya faɗi abin da aka jingina masa. Kuma kada su ɗauka wannan matsalar yara ce. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro musu.

Tunda kin ambaci aikin gida, ina roƙonki kada ki dogara da manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun AI. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda rashin daidaito. A shekarar kuma masu bincike a Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun ɗaliban da Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su, suka ga an yi wa fiye da rabin rubutun ƙazafin cewa na'ura ce ta yi. Ɗalibanki ke nan, masu rubuta Turanci da jimloli masu sauƙi da kalmomin da aka koya musu. Zaluntar yaro mai gaskiya ta fi kuɓucewar mai satar amsa muni. Ki sa su yi wani ɓangaren rubutun a aji, ki karɓi daftarin farko da na biyu, ki kira yaro ya yi miki bayanin sakin layi guda da bakinsa.

Game da ko jami'o'i sun yarda da wannan haɗi, sun yarda. Judy Goldsmith, farfesar kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kentucky, tare da Emanuelle Burton da Nicholas Mattei, sun gina kwas na ɗa'ar aikin kwamfuta a kan labaran kimiyya, suka bayyana tsarinsu a 2018, daga baya ya zama littafin koyarwa da MIT Press ta buga a 2023. Hujjarsu ita ce ɗalibin injiniya yakan kare kansa idan aka kawo misali daga kamfanin da yake burin shiga, amma idan labari ne na wata duniya sai ya saki jiki ya yi tunani. Jami'ar Jihar Arizona ta buɗe cibiyar da ke haɗa marubuta da masana kimiyya a 2012. Jami'ar Liverpool da Jami'ar Kalifoniya ta Riverside suna da manyan taskokin waɗannan littattafai ga mai son bincike.

Maganar abinci kuwa, gurbin da aka keɓe wa nazarin labaran kimiyya zalla kaɗan ne ko a Amurka da Ingila. Albashi ya fi fitowa ta ɓangaren ilimin dijital: horar da malamai, aikin laburare, cibiyoyin inganta koyarwa, kwalejojin ilimi, ƙungiyoyin bin diddigin labarai. Nazarin labaran shi zai ba ki zurfi da maƙalun da za su bambanta ki da mai bitar kwana biyu kan yadda ake yi wa na'ura tambaya. Irin wannan bita tana tsufa da sauri, saboda manhajar da aka koyar bana ta sauya kafin baɗi. Shawarata ki yi digiri na biyu a inda ƙafarki take, wato adabi, ko kuma fasahar koyarwa in kin fi son aikin horarwa, ki zaɓi batun kundi da ya taɓa ɓangarorin biyu. Wajen ƙarin girma a jami'a ana duba ko maƙalunki na fannin sashenki ne, don haka ki riƙa rubuta su ta yadda shugaban sashe zai gane nasa ne. Idan kin samu shiga kwalejin ilimi ko jami'ar gwamnati, tallafin TETFund na ƙaro karatu zai buɗe miki, wanda malamin sakandare ba ya samu.

Kuma ba sai kin tsallaka teku neman abin nazari ba. Nnedi Okorafor, mai tushe a ƙasar Ibo, ta yi digirin digirgir a adabi, ta koyar a jami'o'in Amurka, ta kuma ci lambar Hugo ta labaran kimiyya a 2016. Mujallar Omenana ta fara fitowa a intanet daga Nijeriya a 2014, lambar Nommo ta marubutan Afirka ta fara a 2017. A Hausa ma muna da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, labarin yaron da wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka yawo. Ki karanta shi da ma'aunin Suvin, ki ga inda ya bi da inda ya ƙi bi, ki tambayi yadda marubucin Hausa na wancan lokaci ya daidaita kumbo da imani da tarbiyya. Sannan ki duba littattafan da ake rubutawa yau ana rabawa ta WhatsApp da Wattpad, da yadda gidajen rediyo da jaridun Hausa ke siffanta AI. Ki nemi mutanen Masakhane, da aka kafa a 2019, da na HausaNLP, masu aikin shigar da harsunanmu cikin waɗannan na'urori. Injiniyoyi sun fi yawa a cikinsu, kuma suna buƙatar wanda ya san harshe da adabi da aji.

Kafin duk wannan, a zangon da ke tafe, ranar farko, tun ba ki ce komai game da AI ba, ki ba ɗalibanki takarda su zana shi ko su siffanta shi a layi biyar, su kuma rubuta inda suka fara ganinsa, fim ne, ko wa'azi, ko bidiyon TikTok, ko hirar gida. Ki adana takardun da izinin makaranta, ba tare da sunayen yaran ba, ki maimaita a ƙarshen zango bayan sun karanta Forster sun kuma je laburare. Abin da zai fito tsakanin tarin takardun biyu ya isa ya zama babin farko na kundinki, kuma shi za ki nuna wa malamin da kike so ya duba miki aikin.